Zelda a hannu kawai: Switch Lite ta isa, ko sai babba?

Nura_Fagge: Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya ce ga waɗanda suka san kan Nintendo Switch. Ina son sayen ta hannu don in buga Zelda: Breath of the Wild, kuma a hannu zan riƙa bugawa, ba ruwana da talabijin saboda yanayin wuta. Wani ya ce min Lite, wato ƙaramar Switch da ba a haɗawa da talabijin, ta wadatar tunda gem ɗin ɗaya ne, ga sauƙin kuɗi. Wani kuma ya ce akwai wuraren da zan maƙale in dai Lite ce. Wanne ne gaskiya? Sannan awa nawa batir yake yi da wannan gem ɗin, kuma wace caja ta dace?

Bash_Kd: Wa alaikumus salam. Lite za ta buga shi tun daga farkawar Link, jarumin gem ɗin, har ka gama da babban mugu Ganon, babu abin da aka rage. A hannu dukkansu 720p suke bayarwa, firem 30 a sakan ɗaya. Saya kawai ɗan'uwa.

InjiniyaBala: Malam Nura, kafin maganar Lite, ka sani babbar ma ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan masu sayen ta hannu suke shiga uku. Akwai ta farko da ta fito ranar 3 ga Maris 2017, rana ɗaya da wannan gem ɗin. Akwai wadda aka sabunta a 2019 mai jan kwali. Akwai Lite, ita ma 2019. Sai OLED a 2021. Alƙaluman da Nintendo ta bayar da kanta, kuma da Breath of the Wild ta yi awon: ta farko kusan awa 3, Lite kusan awa 4, ta 2019 da OLED kusan awa 5 da rabi. Batirin ta 2017 da na ta 2019 girma ɗaya ne, 4310mAh, abin da aka canza shi ne kwakwalwar ciki, sabuwar ba ta cin wuta kamar tsohuwar. Na Lite 3570mAh ne. A ido ba za ka bambance ta 2017 da ta 2019 ba. Juya bayanta ka karanta: HAC-001 kawai ita ce tsohuwa, HAC-001(-01) ita ce sabuwa. Lambar siriyal kuma da ke ƙasa, idan ta fara da XA tsohuwa ce, idan XK ce sabuwa ce. Kar ka tsaya a kan takardar da aka manna, domin ana canza murfin baya. Shiga System Settings, ka sauka System, ka buɗe Serial Information, ka gwada da na jiki. Kuma duk waɗannan awannin na sabon batir ne. Na'urar da ta shekara biyar a hannun wani ba za ta kai su ba.

Ummi_Hyrule: Wanda ya ce za ka maƙale bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ya dai ƙara gishiri. A cikin ɗakunan gwaji (shrines) 120 da ke warwatse a gem ɗin akwai 'yan kaɗan da ba da maɓalli ake sarrafa su ba, da juya na'urar ne. Duk wanda ka ga an rubuta Apparatus a sunan gwajinsa, shi ne: Myahm Agana da ke ƙauyen Hateno, Katosa Aug a Akkala, Toto Sah, Ze Kasho. A Myahm Agana akwai faifai mai lunguna da ƙwallo a ciki, sai ka riƙa karkata shi kamar mai bakace har ƙwallon ya fito ka cilla shi. Matsalar ita ce a hannu allon yana tafiya tare da juyin, kana karkatawa kana daina ganin abin da kake yi. Mai babba sai ya zare Joy-Con, wato hannuwan sarrafawa biyu da ke gefenta, ya kafa allon a kan tebur da 'yar ƙafarsa, ya juya hannu kawai. Lite ba a zare komai a jikinta, ƙafar tsayawa ma ba ta da ita.

Bash_Kd: Hajiya ai wannan akwai dabara. Kife faifan gaba ɗaya, bayansa sumul yake babu lungu, ƙwallon ya faɗo a kai ka gangaro da shi ka ɗaga baki ya tsallaka.

Ummi_Hyrule: Kifewar ita ce wahalar a Lite, tunda allon ƙasa zai kalla. Abin da ke aiki shi ne ka kife na'urar tun kafin ka danna A a jikin teburin sarrafawa, saboda gem ɗin yana ɗaukar yadda ka riƙe ta a lokacin a matsayin daidai. Da ka dawo da ita yadda ka saba riƙewa, faifan ya kife, allon kuma yana fuskarka. Ko kuma ka haɗa wani hannu ta Bluetooth, Lite tana karɓar Joy-Con da Pro Controller. Ba kuma dole ba ne a gama waɗannan ɗakunan kafin a kai ƙarshen labari.

Abba_Sola: Maganar caja. Ta asali tana fitar da 15V a 2.6A, wato wat 39, kuma tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240V, don haka ko ta Amurka ce adafta kawai za ka sa mata a soket. Tana cika na'urar cikin kusan awa 3 idan tana barci. Cajar waya ta 5V za ta cika ta a hankali in an ajiye, amma kana tsakiyar Zelda da haske a sama, ba lalle batir ya hau ba, wani lokaci ma raguwa zai ci gaba da yi. Abin nema a fawa banki shi ne rubutun PD, wato alamar caji mai sauri, a bakin USB-C, mai wat 18 ko sama, da waya mai C a kowane kai. Lissafin mai sauƙi ne: batirin babba kusan 16Wh ne, fawa banki mai 10,000mAh na gaske kusan 37Wh ne, idan ka cire asarar da ake yi wajen canza wuta za ka samu ciko ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai 20,000 ya ninka. Shawarata ga mai janareto: caja fawa bankin da janareton, sannan ka caja Switch daga fawa bankin. Idan wuta ta yi tsalle gara ta ci na arha.

KawuLawal: Ƙari a kan na Abba. In dole sai waya mai babban kai ɗaya da C ɗaya, Nintendo ta ce a nemi mai resista 56kΩ. Wayoyin da ake zubawa a faranti ba su rubuta komai, a bar su. Guntun da ke kula da caji a kan allon lantarki da ke cikin na'urar idan ya ƙone, aikin ya zama na mai hura iska mai zafi, ba na canza batir ba.

Zarah99: Ni tambayata daban. Ƙanina ya bar tudun da ake fara gem ɗin a kansa, amma kullum kuka yake makamai suna karyewa. Takobi bai gama kashe dodo uku ba ya farfashe. Lalacewa ce ko haka aka yi shi?

Ummi_Hyrule: Haka aka yi shi 'yar'uwa, kuma ba a gyara makami a maƙera kamar sauran gem. Abin da zai rage masa takaici: kar ya sare bishiya ko ya fasa dutsen ma'adini da takobi, bom ɗin da ke cikin Sheikah Slate, ƙaramin allon da Link ke yawo da shi, kyauta ne kuma ba ya ƙarewa, ko ya ajiye gatari ɗaya da guduma ɗaya don wannan aikin. Idan makami ya fara walƙiyar ja, ya riƙe R ya jefi dodon da shi, bugun da ya karya makami ninki biyu yake yi. Sannan ya nemi Hestu, wani ƙaton aljanin daji, a hanyar ƙauyen Kakariko, ya ƙwato masa kayan kaɗe-kaɗensa daga hannun dodannin Bokoblin, daga nan zai riƙa karɓar 'ya'yan Korok, ƙwayoyin da ƙananan aljanun daji ke bayarwa in an gano maɓoyarsu, yana ƙara masa gurbin ajiya. Ana farawa da gurbin makami 8, baka 5, garkuwa 4. A gurbin makami da na baka, ƙarin farko ƙwaya 1 ne, sai 2, 3, 5, 8, haka yake hawa. 'Ya'yan Korok 900 ne a duniyar, amma 441 sun isa a buɗe kowane gurbi, sauran na masu son wahala ne.

Bash_Kd: Ya tafi ya ciro babban takobin nan Master Sword kawai, ita ba ta karyewa.

MalamIro: Ba ta karyewa amma ƙarfinta yana ƙarewa, sai ta huta minti 10 kafin ta dawo. Kuma cirota sai da zuciya 13 jajaye, rawayen da abinci ke ƙarawa ba a lissafa su. Da zuciya 3 ake farawa, kowace ƙari tana cin Spirit Orb 4, ladar da kowane ɗakin gwaji ke bayarwa guda ɗaya, wato ɗakin gwaji 40 ke nan in ba a taɓa manyan injina huɗu na labarin, Divine Beasts, ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ba da zuciya guda, don haka wanda ya gama da su huɗun ɗaki 24 ya ishe shi. Gajeriyar hanya tana Hateno: akwai baƙin gunki mai ƙaho da ke sayen zuciya ko kuzari a kan Rupee 100, kuɗin cikin gem ɗin, ya sayar maka da wanda kake so a kan 120. Wanda ya zuba komai a kuzari sai ya juya su zuwa zuciya, ya ciro takobin, ya dawo ya mayar. Asarar Rupee 20 ce a kowane juyi.

DanDamagaram: Sannunku 'yan'uwa. Mu nan Faransanci muka fi ji. Kaset ɗin yana da shi, ko sai an nemi na Faransa?

InjiniyaBala: Yana da shi, na Turai da na Amurka duka. Gem ɗin yana bin harshen da aka saita wa na'urar, ka mayar da ita Faransanci rubutun zai koma. Muryar 'yan wasan kuma ana zaɓenta daban a cikin saitin gem ɗin bayan an sabunta shi. Switch ba ta da kullen yanki, kaset na Turai, Amurka ko Japan duk yana shiga. Inda yanki ke aiki shi ne kantin eShop: katin kuɗin da ka saya dole ya dace da ƙasar da ka sa a asusunka, na dalar Amurka ba ya shiga asusun Faransa.

Nura_Fagge: Na gode ƙwarai. To ke nan kaset ya fi, ko in sauke ta intanet? Mai kayan ya ce akwai wadda ya cika da gem 10 a ciki har da Zelda, kuɗinta ya ɗan fi.

KawuLawal: A kula a nan. Gem ɗin da aka sauke yana ɗaure ne da asusun wanda ya saya, ba da na'urar ba. Ranar da mai asusun ya janye na'urarka daga asusunsa, ko ya canza kalmar sirri ta nemi a sake shiga, gem 10 ɗin nan sun zama hotuna a allo. In kuma an yi wa na'urar kutse ne aka zuba su, to akwai yiwuwar Nintendo ta riga ta toshe ta daga intanet, kuma ba a buɗewa. Gwajin minti biyu ne: a gaban mai kayan ka haɗa ta da hotspot na wayarka ka buɗe eShop. Idan ta fito da lambar kuskure 2124-4007 ko 2124-4508, toshewa ce, ka rage kuɗi sosai ko ka tafi. Kaset ya fi maka. Ba ya buƙatar intanet kafin ya tashi, ba ya cin data, in ka gama ka sayar ko ka yi musaya. Na saukewa kusan 13.4GB ne, alhali 32GB ɗin da ke cikin Lite da babba ba dukansa ne naka ba, tsarin na'urar ya ci wani kaso. OLED ce mai 64GB.

Abba_Sola: Memori kuma in za ka ƙara, microSD ce, har 2TB tana karɓa, mai saurin karatu 60 zuwa 95MB a sakan. Jabu sun yi yawa, a rubuta 256GB alhali cikinta bai kai 32 ba. Za ta nuna girman ƙarya, sai ka wuce ainihin girmanta ta fara taka tsofaffin fayiloli, gem ya riƙa cewa bayanansa sun lalace. Gwada ta a kwamfuta da manhajar H2testw kafin ka zuba komai. A sani kuma, ajiyar inda ka tsaya a wasa ba ta zama a memori ko a kaset, a cikin na'urar take. Na'ura ta mutu, ajiya ta tafi, sai mai biyan Nintendo Switch Online da aka kwafa masa a intanet.

Zarah99: Wannan ya tuna min. Mutum biyu za su iya buga kaset ɗaya ba tare da ɗaya ya goge wa ɗaya ba?

MalamIro: Sai kowa ya buɗe nasa sunan a na'urar. Kowane suna wasa ɗaya yake riƙewa: ajiyar hannu 1, ta kai-da-kai 5. Idan yaro ya shiga da sunanki ya danna New Game, da ajiyar farko ta shiga naki ya tafi. Tunda ana maganar yara, an ƙayyade shi ga 'yan shekara 10 zuwa sama a Amurka, 12 a Turai. Babu jini, amma akwai gumakan Hylia da ake tsayawa a gabansu wajen karɓar zuciya, iyaye su san da wannan su yi nasu hukuncin.

Sadiya_Tech: Babu wanda ya taɓo zafi, kuma shi ne babban abokin gabar wannan na'ura a wajenmu. Nintendo ta ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35. A watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri suna haura 40. Iska tana shiga ta ramukan baya daga ƙasa, ta fita ta sama kusa da ramin kaset. Mai kwanciya ya ɗora ta a kan filo ko bargo ya toshe mashigar, fanka ta yi ta ihu, daga ƙarshe ta rubuto cewa ta yi zafi ta tafi barci da kanta. Caji da wasa a lokaci guda da tsakar rana yana ƙara zafin, kuma zafi shi ke tsufar da batir har ya kumbura. Wajen saye ka ɗora ta a tebur ka duba ta gefe, in murfin baya ya ɗago ko allo ya fara rabuwa da jiki, batir ne. Da hunturu kuma ƙura ce, a riƙa share ramukan da burushi mai laushi, a ajiye ta a jaka mai zif.

InjiniyaBala: Ƙurar da Sadiya ta ambata ita ce dalilin da ya sa ni ban goyi bayan Bash a kan sayen Lite ba. Analog ɗin Switch, wato sandar da ake juyawa da babban yatsa, yana da ciwon da aka sani, Link ya riƙa tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. A cikin analog ɗin akwai 'yan ƙarafa da ke gogar wani baƙin shafi, shafin yana cinyewa, ƙura ta haɗu da garinsa, na'ura ta riƙa karanta motsin da ba a yi ba. A Zelda wannan mutuwa ce, kana bakin dutse ya taka ya faɗa, ko kana auna kibiya hannu ya zame. Gwaji: System Settings, Controllers and Sensors, Calibrate Control Sticks, ka sake analog ɗin ka ga ko alamar ta tsaya cak a tsakiya. In ciwon sabo ne, ɗaga 'yar robar da ke ƙarƙashin kan analog ɗin, ka ɗiga abin wanke kontak ko isopropyl kaɗan, ka jujjuya, ka bari ya bushe. Wannan jinkiri ne kawai, maganin shi ne canzawa. A Joy-Con sukurori 4 ne a baya masu baki uku, sukudireba Y00 ke kwance su, ciki kuma sai ƙaramar mai kuros. Aikin rabin awa ne ga wanda ya iya, haɗarin kawai siraran wayoyin nan masu faɗi da ke yagewa. Akwai analog mai maganaɗisu da ake kira Hall effect, ba ya gogar komai, shi ya fi dacewa a saka. To a babba, in ya gagara ka zare Joy-Con ka sa wani, wasa ya ci gaba. A Lite sai an buɗe na'urar kanta, kuma kafin a kai ga na dama sai an kwance abubuwa da yawa.

Bash_Kd: Injiniya na ji, amma a faɗi nata alherin. Lite giram 275 ce, babba da Joy-Con 398, OLED 420. Wanda zai riƙe awa biyu a kwance ya san bambancin. Jikinta guda ne, babu layin dogon nan na gefe da ke saki har Joy-Con ya riƙa zamewa ko ya daina caji. Allonta inci 5.5 ne da 720p ɗin dai, hoton ya fi matsewa. Kuma ta farko ta 2017 ba ta fi Lite batir ba, kai da kanka ka kawo lissafin.

Ummi_Hyrule: Matsewar hoto gaskiya ce, amma rubutun bayanin kaya da hasashen yanayi da ke kusurwar dama ta ƙasa ƙanana ne a inci 5.5, kuma hasashen nan ba ado ba ne. Ruwan sama yana sa Link zamewa a jikin dutse, kayan hawa ma ba sa hanawa. Ka ga alamar ruwa na zuwa, nemi ƙarƙashin dutse, ajiye itace da dutsen ƙyasta wuta (Flint), buga da makamin ƙarfe, zauna a bakin wutar ka tsallake lokaci. Ka ga alamar tsawa, cire duk wani ƙarfe, takobi da garkuwa da baka, ka koma na itace. Wani abin na masu wasa a hannu: mayar wa Guardian, injin nan mai harbin haske, harbinsa da garkuwa ana yi ne da riƙe ZL a danna A daidai lokacin da idonsa ya yi walƙiya da ƙara. Switch ta samu sauti ta Bluetooth a Satumba 2021, amma sautin yana ɗan makara, wanda ya dogara da kunne zai riƙa dannawa a makare garkuwa ta fashe. Iyafis mai waya ya fi a wannan faɗan. Da murfin tukunya ma ana yi in lokaci ya dace. Guardian ɗin da ya maƙale a ƙasa harbi 1 ke kashe shi, mai ƙafafu kuma sai harbi 3.

Sadiya_Tech: Don ƙara wa batir rai: yanayin jirgin sama a kunne tunda gem ɗin ba ya buƙatar intanet, haske ƙasa da rabi, girgizar hannu a kashe. Haske shi ne mai cin kaso mafi girma a abin da za ka iya ragewa. In batir ya kusa ƙarewa ka yi ajiyar hannu kafin ka sa ta barci, domin in ta mutu a barcin daga ajiyar ƙarshe za ka tashi.

Aminu_PS: Ni ban ga dalilin wahala da tsohuwar na'ura ba. Switch 2 ta fito tun 5 ga Yuni 2025, Zelda ɗin nan yana gudu a firem 60 a kanta, dajin Korok da ke sa tsohuwar tangal-tangal ya zama sumul.

InjiniyaBala: Haka ne, amma firem 60 ɗin sai an sayi ƙarin haɓakawa na dala 9.99 a kan kaset ɗin, ko ana cikin babban tsarin biyan kuɗi na Nintendo Switch Online. Batirinta awa 2 zuwa 6 da rabi ne, ƙasa da na ta 2019. Tsohuwar memori ba ta ɗaukar gem a cikinta, sai microSD Express. Mutumin da ya ce matsalarsa wuta da kuɗi, ba nan zan tura shi ba.

DanDamagaram: Wanda bai taɓa ko ɗaya ba, ya fara da wannan ko da Tears of the Kingdom?

MalamIro: Da wannan. Tears of the Kingdom na 2023 ci gaban labarin ne a ƙasa ɗaya, an ƙara sama da ƙarƙashin ƙasa, ɗakunan gwaji 152. Wanda ya saba da haɗa motoci da manna dutse a takobi, in ya dawo na 2017 zai ji hannunsa a ɗaure. Kuma juya kaya da Ultrahand, ikon ɗaga abubuwa da haɗa su a na 2023, a ƙaramin allo ya fi gajiyar da ido.

Bash_Kd: Ni dai ban sauka daga kan Lite ba. Da rarar kuɗin ya sayi kaset da fawa banki mai PD, ya fi masa babba babu gem.

Nura_Fagge: Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta, in na samu mai XK da analog lafiyayye a kuɗin da bai yi nisa da Lite ba, ita zan ɗauka, in ba haka ba Lite. Injiniya, akwai hanyar gane lafiyar batir a shago, tunda ba zan zauna awa 5 ina jira ba?

InjiniyaBala: Switch ba ta nuna lafiyar batir kamar wasu wayoyi. Shiga System ka kunna Console Battery don kason ya fito a lamba, sa haske a tsakiya, cire caja, ka buga Zelda minti 15 a fili ba cikin ɗakin gwaji ba. A mai XK da batir mai kyau abin da zai sauka bai kamata ya wuce kashi 5 ko 6 ba, a Lite 6 zuwa 7. Ka ga ya ci 10 ko lambar ta yi tsalle, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. Ka je da kaset ɗinka, don ka gwada ramin kaset ɗin a lokaci guda.